Mai Karanta Jaridar Kilishi

A unguwar Kurayyat, can ƙasa mai tsarki, gefen teburin Zinariya mai sayar da kilishin da alhazai ke kawowa daga gida, wani dattijo siriri yana zaune, tabaransa ɗaure da zare. Ba nama yake saye ba, tsohuwar jaridar da aka naɗo naman yake roƙa. Yana shimfiɗa ta a gwiwa, yana bin layukan da maiƙo bai ɓata ba.

Yau labarin wata jami'a ne. Ɗalibai sun kori malaminsu da ihu don ya ce juyin juya hali ba zai gyara Najeriya ba.

"Ko ƙarasawa ba su bari ya yi ba," in ji shi. "A jami'a fa."

"Halas, ya isa, Kawu, rage murya," in ji Zinariya.

Yadda yake kakkaɓe yatsu kamar mai alli a hannu ya sa nake zaton shi ma ya taɓa shan irin wannan ihun. Ya ɗaga yatsa zai ci gaba, sai ga motar 'yan sanda. Da alama ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Ya sauke hannu, ya haɗiye sauran maganar. Nan ma bai ƙarasa ba.