Akulina da Gaɓar Kogi

Akulina ba ta taɓa dasa komai ba sai da ta haura hamsin. Wa ke noma a ƙauyensu na bakin kogin Kuskokwim, can ƙasar ƙanƙara? Ƙasa a daskare take, kifi ake ci. Ciyawar dai ta san ta tun tana yarinya, gajeruwar nan mai tauri da ke leƙowa tsakanin duwatsu da zarar ƙanƙara ta narke. Kafin sanyi ya shigo mata kan tsinko ta su shanya, a riƙa cusawa a takalman fata don ƙafa ta yi ɗumi.

Ciyawar nan ce ma ta ceci mijinta Wassillie, shekarar da ƙanƙarar kogi ta fashe da shi. Ya fito sharkaf, ya cusa busasshiyar ciyawa a wando da takalmi, ya lallaɓo gida. Ya rayu, amma yatsun ƙafarsa ta hagu sun tafi, farauta kuma ta ƙare. Tun daga nan jan koma, feɗe kifi, shanya, ɗibar ruwa, duk suka dawo wuyan Akulina.

Ana cikin haka ƙasar ta fara laushi. Kogi ya soma cin gaɓa, kowace guguwa sai ya yagi rabonsa. Ya haɗiye rumfar kifinsu, ya doshi maƙabarta, inda 'yarsu Olinka take kwance. Akulina ta san yadda saiwar ciyawar nan ke damƙe ƙasa. Sai ta riƙa hawa tudu da shebur, ta yanko ta har da ƙasarta, ta goyo a buhu, ta dasa a gaɓa.

Yayarta Matrona takan zauna a kan jarka tana kallo.

"Ke dai kunnen ƙashi gare ki," in ji Matrona. "Shimfiɗa fa kike yi wa kogi."

"To Yaya, taso ki kama mini mana."

"Da wane bayan? Nawa ya ƙare wajen goyon 'yan banzan nan da ko waya ba sa bugowa."

Wassillie kan ɗingiso musu da butar shayi, ya ce wa Matrona ta ƙyale masa mata, aƙalla ita ba da baki take aiki ba.

Ciyawar ta kama, har ta yi fure. Shekaru kaɗan gaɓar wajen ta tsaya, mutane suka fara cewa Akulina ta iya. Ita kuwa gwiwoyinta sun kumbura, tsugunno ya zama aiki. Sai wata guguwar kaka ta taso daga teku. Da ta lafa, Akulina ta je ta duba. Babu ciyawa, babu gaɓar, ruwa na lasar gindin giciyen da ke kan kabarin farko.

Ba ta yi kuka ba. Ta jingina shebur a bangon coci, ta ce wa dattawa, "Ku tone kaburburan kawai. Na gaji."

Aka tone kaburburan, aka loda akwatunan a kwalekwale zuwa tudun da ƙauyen zai koma. Akulina ta zauna kusa da na Olinka, tafinta a kan murfin. Matrona ta miƙo mata busasshen kifi.

"Ungo, ci. Tun jiya ba ki sa komai a ciki ba."

Ta karɓa, ta riƙe. Kafin su kai tsakiyar kogi barci ya kwashe ta a zaune, Matrona ta daka wa mai tuƙi tsawa ya rage gudu.