Kububuwar Ruwan Godiya

Har gobe ina tuna ranar da na je ƙauyen Ruwan Godiya da hoton maciji a hammata. Kakar farko ke nan da aka dawo da ni Faskari daga Kankara a matsayin malamin gona. Ƙa'idarmu ita ce in an fara yankan dawa sai mu zaga ƙauyuka mu ja kunnen manoma kan saran maciji, don a ƙarƙashin dami kububuwa take fakewa.

Na tara mutane a bakin gona, na buɗe hoton. Kububuwa ce fara-fara, kalar yashi, irin wadda na saba gani a jigawa. Na ce, "Wannan kalar za ku riƙa dubawa."

Wani dattijo, Baba Ɗanjuma, ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Malam, wagga ba tamu ba ce. Tamu ja-ja take, kamar ƙasar nan."

Ni kuwa lokacin kaina na hayaƙi, ga takardar makaranta sabuwa fil. Na ce, "Baba, kububuwa ai ɗaya ce ko'ina." Don in rufe masa baki, na taka wurin wani dami, na tsuguna, na duba ƙasa sosai, na ce, "Kun gani? Nan babu komai." Na miƙa hannu zan ɗaga.

Caraf Baba ya riƙe mini wuyan hannu. Ya nuna da sandarsa. Wallahi sai da ta motsa, ta fara wannan ƙarar tata ta gogar jiki, sannan na gan ta. Tana naɗe a kan jar ƙasa, tazararta da yatsuna ba ta kai taƙi biyu ba. Tsallen da na yi baya, hulata ma ban san inda ta faɗa ba! Aka sheƙe da dariya.

Abin da ya fi tsorata ni ba ita ba ce. Da mutanen nan sun bi maganata, da farar za su yi ta nema, ja tana saran su.

Tun daga ranar, ko Sabuwa aka tura ni ko Pauwa, kafin in buɗe hoto sai na tambaya, "Taku wace kala ce?" Ku ma sababbin malamai ku riƙa tambaya.

Da zan hau babur, Baba ya dangwalo jar ƙasa ya shafa wa hoton, ya miƙo mini tare da hulata. Ya ce, "To Malam, yanzu ta zama tamu."