Ramin da Ke Tsakiyar Bargon Malam

Har yau ban gane ba: maganar ƙarshe da maigidana Malam ya yi mini, da gaske yake, ko kuwa wayonsa ne ya sake gwadawa a kaina? Ko tari ya yi a cikin taro ina gane nasa, amma wannan ta fi ƙarfina. Ni ban yi karatu ba, autata Rabi ce ke rubuta abin da nake faɗa, tana jira na in hawaye ya tare ni.

Ku da kuka san shi a unguwar Ardil Liwa kun san gaisuwarsa. Hannun dama yana cikin naku, na hagu yana murza bakin rigarku. Almakashi kuwa ba ya rabuwa da aljihunsa.

Daga Damagaram ya zo Alƙahira karatu, ya zauna yana yi wa mutanenmu masu zuwa asibiti tafinta. Da gwiwa ta hana shi hawa benaye sai ya ajiye aikin. Na ce to, yanzu Malam zai huta. Ashe ni ce hutuna ya ƙare.

Bargo ya fara ɗinkawa, na faci-faci, kowane ƙyalle daga tufar wani ɗan dangi, mai rai ko mamaci. Ya ce jikokinmu a Giza aka haife su, Larabci ne a bakinsu, in ba su taɓa danginsu da hannu ba za su ɗauka daga Kogin Nilu muka fito. Ƙa'idarsa ɗaya ce, tufar bare ba ta shiga. Sai dai duk wanda rigarsa ta burge shi, kafin shayi ya huce ya samo musu dangantaka. Har Ammu Sabri mai gadin gidanmu, Bamisire tsantsa, bai tsira ba.

Na ce, "Malam, shi kuma ta ina?"

Ya ce, "Kakan kakana ya bi ta ƙauyensu zai tafi Hajji a ƙafa. Ya sha ruwan rijiyarsu."

"Shan ruwa ne dangantaka?"

"Hajjaju, ke da kike shan nawa fa, ba ga jikoki ba?"

Jallabiyar Ammu Sabri tana nan a kusurwar bargon.

Sai kuma kwalabe. Wata maƙwabciyarmu ta koya masa turshi, wato jiƙa kayan lambu a ruwan gishiri a rufe su har su yi tsami. Lemun tsami, karas, barkono, har kuɓewa sai da ya gwada, ba wanda ya iya ci sai shi, shi ma don kada a ce. Da yake ban iya karanta rubutu ba, sai yake ɗaura wa kowace kwalba ragowar ƙyallen bargo a wuya, ya kira ta da sunan mai ƙyallen. Lemun tsami Gwaggo Delu ce, don ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba. Barkono kuwa Kawu Sale. Haka na haddace dangin mijina kaf, a kan kantar kicin.

Wata rana da zafi na ce masa kwalbar barkonon nan ta cika har wuya, gara ya rage mata ruwa, ya kuma ɗauke ta daga baranda. Ya ce ni da ban san turshi ba sai a faranti. Muna cikin cin abincin rana muka ji ƙara kamar tayar mota ta fashe. Ruwan barkono har kan shanyar mutanen ƙasa. Malam ya leƙa, ya dawo ya zauna, ya ɗauki lomarsa.

"Kawu Sale ke nan. Ko da ransa haka yake yi a gidan mutane."

Duk wannan na jure. Inda muka saɓa shi ne zanen Innata. Zanen saƙi ne baƙi mai ratsin fari, shi kaɗai na taho da shi daga gida, kuma ban sake ganin Inna ba har ta rasu. Malam ya bar rami a tsakiyar bargon, faɗin tafin hannu, ya ce wurin Inna ne.

Na ce, "Almakashinka ba zai taɓa shi ba."

"Daga gefe zan ɗiba, ko ke ba za ki gane ba."

"Ni zan gane. Inna ma za ta gane."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya saya mini sabon mayafi. Har wani ɗalibin fiƙihu ya gayyato cin abinci, ya cika shi da nama, sannan ya kawo maganar a fakaice. Ɗalibin ya goge baki ya ce, "Baba, a shari'a dai zanen Mama nata ne." Malam ya janye farantin ya ce, "Ai na ga alama da sauranka a karatu."

Lokacin sanyi yakan zaunar da jikoki a kan bargon, ba mai samun alewa sai ya faɗi sunan ƙyallen da ya zauna a kai. Rannan ƙaramarsu ta sa yatsa a ramin, ta dube ni ta ce, "Kaka, ke ba ki da kowa ne?" Malam dai ya shiga gyaran tabarau. Maganar ta soke ni, amma da na ga yadda yake danne murmushi sai na ce a raina, wallahi ba yau ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, na ga hannun ya daina neman bakin rigar masu zuwa dubiya. Ranar da zai rasu, da hantsi, na buɗe akwati na ɗauko zanen, na zaro almakashin daga rigarsa, na ajiye masa su a ƙirji. Ya murza bakin zanen a hankali, ya daɗe yana murzawa, sannan ya faɗi abin da ya faɗa. Bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Ya san ni sarai. Ya san duk abin da ya ce kada in yi, shi nake yi. Shi ya sa nake zargin tarko ne ya ɗana mini ya tafi. Amma ni ma ba yau na fara zama da Malam ba. Yanzu zanen nake fara shimfiɗawa, sukutum, sannan in ɗora bargon a kai. Inna tana leƙowa ta ramin, jikoki suna taɓa ta suna faɗin sunanta, kuma ko zare ɗaya ba a yanke ba. In ya ce ya ci, sai in ce a ina.

Allah ya jiƙan Malam, ya lulluɓe shi da rahama yadda ya so ya lulluɓe mu. Allah ya haɗa shi da duk waɗanda ya ɗinka sunayensu, ya ajiye mini wuri kusa da shi, ko faɗin tafin hannu ne.

Da ya gama murza zanen, turo mini shi ya yi, ya ce:

"Mayar da shi akwati, Hajjaju. Da ƙafata nake so in yi nasara a kanki, ba a kwance ba. Kada ki yanka."