Goggo Ma'auni da Takardar Jikin Kwalba

Ƙanwar mahaifina ce. A gida Goggo muke ce mata, a kamfanin yogot kuwa Ma'auni, saboda ɗan ma'aunin zafin da ba ya barin aljihunta. Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin tukwane. Ita ke dafa madara, ta bari ta huce daidai, sannan ta zuba iri, wato ƙwayoyin halitta masu rai da ke mai da madara yogot. Takan ce su ne ke taimaka wa hanji, in babu su to madara mai tsami kawai ka sha.

Da mai kamfanin ya rasu, ɗansa ya gaje shi, wani dogo mai saurin hannu da ma'aikata ke kira Ƙaramin Oga. Shi ya kawo dabarar sake dafa yogot bayan ya kama, don ya daɗe a kanti ba firji. Amma takardar jikin kwalba tana nan yadda take: "Akwai ƙwayoyi masu rai masu amfani ga ciki."

"Ranka ya daɗe, zafi kashe su yake yi," in ji Goggo. "Ko a daina dafawar, ko a canza takardar."

"Wa zai leƙa kwalba ya ga ko suna numfashi?" Ya yi dariya ya wuce.

Sati uku tana haɗiye abin. Sai wata maƙwabciyarta ta gaya mata cewa kullum tana saya wa mahaifiyarta, wadda magani ya lalata wa ciki, yogot ɗinsu, saboda ta karanta takardar, kuma ta san Goggo ce ke haɗawa.

Washegari da safe Goggo ta kwashi damin takardun gaba ɗaya ta tsunduma cikin ruwan wanke tukwane. Ƙaramin Oga ya shigo ya tarar suna yawo a kumfa. Bai tambayi komai ba, ya ɗauke ta da mari har kanta ya bugi famfo. Kafin ta miƙe ya ƙara mata a kunne, ya shaƙo wuyan rigarta yana jan ta a ƙasa.

"Kamfanin ubanki ne?"

"Na ubanka ne, kuma shi bai taɓa yi wa mutane ƙarya ba!"

Hannunta ya faɗa kan babban ludayin ƙarfe da take juya madara. Ta ɗaga da hannu biyu ta sauke masa a baki. Haƙora uku suka zube a siminti, jini ya wanke masa gaban riga. Ya yi kukan kura ya hankaɗa ta, ta faɗa jikin tukunyar madarar da ke tafasa, tukunyar ta kife. Tsohon mai gadi da ya rugo rabon faɗa shi ya fara haɗuwa da madarar, ta kwarare masa a ƙafafu. Ihunsa har titi. Ita kuma fatar hannunta na dama ta saɓule daga gwiwa zuwa wuyan hannu.

Su ukun mota ɗaya ta kai su asibiti, 'yan sanda na biye.

A kotu an ci Ƙaramin Oga tara, ita ma an ci ta. Amma maganar ta kai kunnen masu duba abinci, suka auna yogot ɗin, suka tilasta a cire wancan layin daga takarda. Goggo ba ta koma kamfanin ba. Kunnenta na hagu ya daina ji, yanzu kuma a kicin ɗin wata makaranta take aiki.

Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama.

"Matso ta nan, ɗiyata, wancan kunnen ya yi ritaya." Na sake tambaya. Ta ce, "Haƙoran ban damu ba. Mai gadin ne. Bawan Allah har yau bai iya sa takalmi."