Kwali Arba'in na Zakarun da Ba Su Ci Kofi Ba

Alhamis: Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida a Haɗeja, bayan na leƙa ɗakin Inna ta sa mini albarka. Jinyarta ce ta sa na ɗage tafiyar da na saba yi tun watan goma, har ta kai ni watan biyu, daf da hutun sabuwar shekarar mutanen Sin. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san ba a zuwa Guangzhou a wannan lokacin. To amma shagona ya kusa zama fanko, samarin Kano kuma sun koma kan wata riga mai faɗin kafaɗa da ƙatuwar lamba gaba da baya, irin ta 'yan zari-rugar Amurka. Ita nake so ta zama kayan Babbar Sallata.

Mai yi mini jigilar kaya a can, Alhaji Mumuni, mutumin zangon Accra ne, shekara goma sha ɗaya muna tare. Ya ce mini ta waya ya ajiye mini gurbin kwali arba'in a kwantenarsa ta ƙarshe, kuma ranar Talata da azahar za a garƙame ta. In na rasa ta, sai bayan wata guda, wato kaya su iso an gama soye nama.

Mun yi sallah a hanya, shinge uku muka wuce, ƙarfe tara saura muna Gezawa. Jirgi ya tashi ɗaya da rabi. Na yi jiran awa huɗu a Addis Ababa, daga nan awa goma a sama.

Juma'a: Xiaobei

Huɗu na yamma muka sauka. Na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, kwai bakwai a kuɗinsu na Sin, canji biyu, awa ɗaya da 'yan mintuna. Ban taɓa samun wurin zama a jirgin nan ba sai ranar; tarago guda mu biyar ne.

Da na fito Xiaobei, unguwar 'yan kasuwar Afirka, sai na tsaya ina duba ko na ɓata tasha. Gadar da kafaɗarka ba ta rabuwa da ta wani, ba kowa a kanta sai wata tsohuwa mai shara. Dogayen benayen sari duk an sauke ƙofofin ƙarfe, an manna jajayen takardu, iska tana kaɗa su. Hazo ya cinye saman benayen. Ina jin ƙarar tayar jakata tana dawo mini daga bango.

Masauki a layin Dengfeng kwai ɗari da ashirin, rabin abin da na saba biya. Mai tsaron wurin ya miƙo mini makulli bai ɗago kai ba. Na tambayi ruwan zafi, ya ce “meyo”, wato babu. Kalmar da na yi ta ji ke nan har na bar garin.

Asabar: gidan abinci a Dengfeng

Gidan abinci ɗaya ya rage a layin, na wata Hajiya 'yar Kumasi. Can na tarar da Alhaji Mumuni da hantsi, ya rame a kan yadda na san shi, tare da Kabiru, wani Bakano mai sarin wayoyi a unguwar Tianhe. Aka kawo shinkafa da wake irin ta Gana, da yajinsu mai duhu, kwai ashirin da biyar.

Ni ban san komai a wasan nan na zari-ruga ba, na faɗa musu gaskiya. Abin da na sani kawai, ƙato ya rungumi ƙwallo mai siffar gwanda ya ruga, ƙarti su danne shi. Na ce su zaɓa mini ƙungiya da lambobin da zan sa a buga.

“Ɗan Kano, ka zo a sa'a,” in ji Alhaji Mumuni. “Litinin da safe wasan ƙarshe, kuma masu riga ruwan ɗorawa suna ciki. Bana namu ne.”

Kabiru ya yi dariya. “Baba, da wace runduna? Ƙartin da ke tsare mai jifa duk gwiwoyinsu sun tafi. Mai jifan yaro ne, in aka matsa masa sai ya miƙa wa abokan gaba ƙwallo kamar goron gaisuwa. Mai bugun ku kuwa, ni ko akuya ba zan ba shi ya kora ba.”

“Yaro? Mai gemu fari-fari? Lamba tara shekara goma sha biyu yana jifa. Tamanin da takwas, ko ƙwai ka wurga masa daga Tianhe zai cafe bai fashe ba. Lamba huɗu bai taɓa zubar da bugu ba duk kakar nan.”

“Baba, ai lamba tara...”

Hajiya ta dire kwanon miya a gaban Kabiru da ƙarfi har ta fantsamo masa a hannu. Ya dube ta, ya dubi farantinsa. “Haka ne, Baba,” ya ce. “Hannunsa yana da kyau.”

Na lura 'yan wasan da Kabiru ke zagi da waɗanda dattijon ke yabo ba su haɗu ko sau ɗaya ba. Amma ni a kasuwa na tashi, inda in babba da ƙarami suka saɓa, maganar babba ake ɗauka. Na rubuta tara, tamanin da takwas, huɗu, da hamsin da biyar da ya ƙara mini. Alhaji Mumuni ya ba ni adireshin masana'antar wata Madam Lin, ya ce ita ba ta rufe ba tukuna. Na ce mu je tare. Ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Lahadi: masana'anta

Kilomita arba'in gabas da gari, tasi kwai ɗari da hamsin. Kabiru ya raka ni don yana jin yarensu. Unguwar gaba ɗaya an yi wa gine-ginenta jan zane a bango, alamar rusau. Ba hayaƙi, ba ƙarar inji, sai karnuka.

Madam Lin ta fito cikin rigar sanyi, ta ce “nihau, lawban”, gaisuwar da suke yi wa mai gida. Na miƙa takarda. Ta ce “meyo” tun kafin ta karanta: an kwance injinan buga lamba, ma'aikata sun tafi ƙauyukansu, bayan hutu ginin ma ba zai kasance ba. Sai ta sake duban lambobin, ta dubi fuskata, ta ɗauko tocila.

Mun bi wani dogon zaure inda kekunan ɗinki sama da ɗari ke jere an lulluɓe su da farin ƙyalle. A ƙarshensa akwai ɗaki. Hasken tocila ya faɗa kan mutum huɗu a tsaye, masu faɗin kafaɗa, ba kai. Na ja da baya har na taka Kabiru. Gumakan tallar kaya ne, sanye da riga ruwan ɗorawa: tara, tamanin da takwas, huɗu, hamsin da biyar, a jere yadda na rubuta su jiya. A ƙirjin kowace an buga da Turanci cewa su ne zakarun duniya. Bayansu kwalaye ne har rufi.

“Yaushe aka buga wasan da har suka ci?” na tambaya.

“Ba su taɓa ci ba, Alhaji,” in ji Kabiru. A nan ya warware mini.

Al'adar masu wannan sana'a ce: kafin wasan ƙarshe a buga rigar zakara, don wanda ya riga kowa fito da ita ranar nasara shi ke cin kasuwa. Shekara huɗu da suka wuce masu ruwan ɗorawa sun kai wasan ƙarshe. Ɗan Alhaji Mumuni, Rashid, yana tuƙin babbar mota a Amurka, yana son ƙungiyar nan kamar me. Rashid ɗin ne ya sa aka buga waɗannan, kuma da wayonsa ya hana a sa shekara, ya ce in ba su ci bana ba, a ajiye har ranar da za su ci. Ba su ci ba. A daren da aka yi wasan motarsa ta zame a kan ƙanƙara, ya rasu.

“Duk abin da Baba ya sani a wasan nan, daga saƙonnin muryar Rashid ya koya,” in ji Kabiru. “Kullum yana sauraronsu. Lamba tara ya yi ritaya, da kwat yake zama a talabijin. Tamanin da takwas an sayar da shi. Ba wanda ya rage a cikin huɗun nan. Mu kuma ba mai iya faɗa masa.”

Madam Lin ta ce tsohon bai taɓa zuwa ya ga kayan ba. Ta riƙe su saboda mutunci, amma yanzu in ba a kwashe ba, injin yanka tsumma zai cinye su. Na tambayi adadinsu. Ta ɗaga yatsu huɗu, ta dunƙule hannu. Kwali arba'in.

Na zaro riga ɗaya na murza ta, na ja ɗinkin hammata, na shinshina. Ba fumfuna. Yadi mai kyau ne.

Litinin: bene na goma sha takwas

Bakwai da rabi na safe za a fara, don a Amurka yamma ce. Ofishin Alhaji Mumuni yana hawa na goma sha takwas a wani benen Xiaobei, mu kaɗai ne a ginin. Ta taga ba a ganin komai sai fari. Kabiru ya haɗa talabijin. Mu uku ne, kujera huɗu aka jera, kofin shayi huɗu. Na zauna nesa da ta huɗun.

Da aka fara, dattijon ya kashe sautin talabijin, ya ɗora wayarsa a kan kujerar da ba kowa, ya danna. Muryar saurayi ta fito, da Hausar zango, ana ihu a bayansa: “Baba, an fara! Kar ka damu in sun riga mu, haka muke, sai an mare mu muke farkawa.” Minti biyar bayan haka aka riga su.

Haka aka yi awa uku. Saƙonnin wancan wasan ne, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. “Baba, sun kayar da mai jifanmu, ƙartin nan barci suke.” Na ɗaga kai, ga mai jifa a ƙasa. Kabiru ya ce mini a kunne wannan ƙungiya kullum haka take wasa, ba abin mamaki ba ne. Na yarda. Amma shi ma na ga ya daina shan shayinsa.

Saura daƙiƙa uku, ana gabansu da maki biyu, aka fito da mai bugu. In ƙwallo ta bi tsakanin sanduna, kofi nasu ne. “Baba, tashi tsaye!” in ji muryar. “Yanzu zai buga!” Dattijon ya miƙe. Mu ma muka miƙe.

Ta bi gefen dama, ta kuskure sandunan.

A talabijin takardu masu ƙyalli suna zuba a kan wasu mutane, ba sauti. Na ga fuskar wayar: saura saƙo ɗaya a ƙasa, ba a taɓa buɗe shi ba.

“Wannan sai ranar da muka ci,” in ji dattijon, ya kife ta. “Kabiru, kira Madam. Ta yanka rigunan.”

“Dakata, Alhaji,” na ce. “Ni ina da gurbi ba kaya, kai kana da kaya ba gurbi. Sayar mini.”

“Ka sa wa mutane ƙarya a ƙirji?”

“A Kwari ba wanda zai tambaye ni wa ya ci. Launi suke dubawa, da lamba, da ɗinki. Kuma kada ka ɗauka taimakonka nake yi, na murza yadin jiya, zan ci riba. Ɗanka riga ya ɗinka don a sa, ba don a goge inji ba.”

Ya daɗe yana kallon kujerar nan, kamar mai jiran a ba shi izini. Sannan ya ce, “Lamba tara ɗaya, ka bar mini.”

Talata: lodi, da komowa

Ƙarfe bakwai muna masana'anta da motar ɗaukar kaya. Ba 'yan dako, ni da Kabiru da direba muka loda, har Madam Lin ta kama mana. Gumakan huɗu muka bar su tsirara a ɗakin, ban waiwaya ba. Sha biyu saura minti ashirin kwalin ƙarshe ya shiga kwantena, Alhaji Mumuni da hannunsa ya ɗaure hatimi. Bai buɗe ko ɗaya ba.

Laraba na kamo hanya, Alhamis da azahar ina Kano, da magariba ina Haɗeja. Na tarar Inna ta fara takawa har tsakar gida.

Kaya sun iso saura kwana goma sha biyu Sallah. Cikin mako guda ba ko ɗaya a shago, 'yan sari daga Maraɗi suna tambayar ƙari. Washegarin Sallah da la'asar na bi ta wani filin ƙwallo a Fagge, na ga samari sun fi talatin, duk ruwan ɗorawa, tara da tamanin da takwas da huɗu, kowa ƙirjinsa yana cewa shi ne zakaran duniya. Ƙungiyar unguwar ce ta ci wasan Sallah, suna zagaya fili da kofin roba, ana kiɗa. Na ɗauki hoton bidiyo na aika wa Alhaji Mumuni a Guangzhou ban rubuta komai ba.

Kwana biyu shiru. A na uku amsa ta zo, kalma biyu: “Na buɗe.”

Ban tambaye shi abin da ke cikin saƙon Rashid na ƙarshen ba, shi ma bai faɗa ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kabiru da ya sha ɗaukar kwali da bayansa, da Hajiya mai abinci, da Madam Lin da ta riƙe amana shekara huɗu. Wanda duk ya sayi rigar nan a hannuna, in ya sa ta, ya yi wa Rashid ɗan Alhaji Mumuni addu'a. Allah ya ji ƙansa.