Mamman, mai ƙirga kuskuren haske

Ina tankaɗe da hantsi direban motar Damagaram ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, Mamman ya cika a asibiti." Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ƙanena ne, malamin lakkwal, wato makarantar boko, a nan Matameye. Shekarunsa na ƙarshe a kan abu ɗaya suka ƙare: aika saƙo ta haske, yadda mutane da yawa za su yi magana ta fitila guda ba tare da saƙonninsu sun cakuɗe ba. Ya kafa 'yar fitila a kan soronmu, ya ɗora abin karɓa a kan rumbun abokinsa a hanyar Kance. Dabara biyu yake gwadawa: ko fitila ta riƙa kamawa tana mutuwa, ko saƙon ya shiga cikin jinkirin ƙiftawarta. Da tsakar rana yake aiki, don a lokacin nan iska rawa take yi saboda zafi, tana karkatar da haske. Sai ya jera abin da ya aika da abin da ya isa, ya ƙirga inda suka saɓa.

Na taɓa ce masa, "Kai Mamman, kuskure ɗaya cikin dubbai, wa zai gani?" Ya ce, "Yaya, ke da kike sa ɗaliba ta wanke allo saboda harafi ɗaya?"

Wani ya kai tsegumi wai yana yi wa mutanen ƙetaren iyaka ishara. Masu kaki suka sa aka sauko musu da fitilar, suka kwashe ta da littattafansa huɗu, suka tsare shi, ga hawan jini, ba magani. Da ya fito, abin da ya ce kawai: "Da sun hau soron, da sun ga arewa fitilar take kallo. Iyaka kuwa kudu take." Ko tsani ba su nema ba. Daga fitowarsa bai ƙara lafiya ba, sai asibitin Damagaram.

Ranar sadakar uku, wanda ya jagoranci kamun ya zo gaisuwa, yana cewa marigayi mutumin kirki ne. Ban saba ɗaga murya ba. Daga bayan labule na ce, "Ranka ya daɗe, in haka ne, faɗe shi a kasuwa, inda ake kiran 'ya'yansa 'ya'yan maci amana. Kuma ina littattafansa?" Ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Allah ya jiƙanka Mamman, ya haskaka kabarinka. Allah ya raya matarka Rabi da 'ya'yanku, ya wanke sunan ubansu tun suna ji. Mu da waɗanda suka tsare ka kuwa, akwai ranar da ba a yin kuskuren ƙirga.