Injin da Ya Ƙara wa Baba Girman Rubutu

Yanzu yarana da yatsa biyu suke buɗa rubutu a waya, harafi ya kumbura kamar an hura shi. Mu a zamaninmu yadda mai ɗab'i ya ga dama haka za ka karanta, ko da idonka zai zazzago.

Da aka ƙirƙiro jiha aka turo mu aiki Dutse, na kama ɗaki a unguwar Limawa, iyali na Kano. Abokan aiki ana tashi suke cika mota su gudu. Ni kuwa in koma ɗaki in yi ta hira da risho. Mutum ɗaya ya cece ni, wato mai gidan, tsohon malamin gona. Yana son jarida kamar tuwo, amma ido ya gaji. Bayan la'asar sai in ji sanda a ƙofata.

"Bakano, fito ka karanta mana ƙwan tururuwar nan."

In zauna a tabarmarsa, in karanta, in ƙara gishiri. Inda aka ce ruwa ya taɓa gonaki, sai in ce ya tafi da rabin garin Taura.

"Kai, ji tsoron Allah!" in ji shi.

Mu yi ta musu ana shan fura har a kira magariba. Hirata ke nan ta yini guda.

Sai aka kawo sabon injin fotokwafi ofis, mai maɓallin ƙara girma. Na ɗora jaridar na danna, kowane harafi ya fito kamar ɗan akuya. Na kai masa ina taƙama. Ya ɗaga takardar, ya karanta layi guda da kansa, ya zarce na biyu.

"Allah ya yi maka albarka. Ka ga na daina takura maka ke nan."

"Haba Baba, wace takura?"

"A'a, kai ma'aikaci ne, ka riƙa hutawa."

Duk mako in kawo masa, ya karɓa, ya sa albarka, ya shige zaure. Ta taga nake jiyo shi yana karatu shi kaɗai, yana dariya.

Wata safiya na tsaya gaban injin da jarida a hannu, zuciya na ce mini in koma in ce masa injin ya lalace. Na daɗe a tsaye. Daga baya na danna, har na ɗan ƙara girman, don na lura ya fara kai takardar kusa da hancinsa.